Buguwa a Ƙirji Ba Abar Raini Ba Ce

Maigida, a cikin zuciyar mutum akwai ƙofofi 4. Sukan buɗe jini ya wuce, sa'an nan su rufe kada ya komo baya. In ramin zinariya ya rufta wa mutum, ko sa ya tunkuye shi, ko ya faɗi daga babur ƙirjinsa ya daki ƙasa, ƙofa ɗaya tana iya yagewa, ko da fata ba ta tsage ba.

Ku mutanen Abare kun san cutar da ido ba ya gani tun gubar dalma ta 2010. Wannan ma ɓoyayyiya ce. Mutum ya tashi ya kakkaɓe riga, sai bayan kwanaki ko watanni numfashi ya riƙa gagararsa, ya kasa kwanciya rigingine, ƙafafu su kumbura.

Kada ka ce jini ne ya kwanta, ka kira wanzami. Ƙaho ba ya ɗinke zuciya. Ka kai shi asibitin Anka ran da ya bugu. In likita ya saurari ƙirjin ya ji baƙon sauti, zai tura ku Gusau ko Sakkwato a ɗauki hoton zuciyar. Kada ya koma aikin ƙarfi sai likita ya yarda.