Baekban: Abincin Gida a Lungunan Koriya

Da zarar sha biyun rana ta yi a birnin Seoul, sai ma'aikata su fito daga dogayen benaye rukuni-rukuni. Da yawansu ba sa ko kallon manyan gidajen abincin da ke bakin titi, lungu suke shigewa. A can ciki akwai ɗan shago mai tebur shida ko takwas, talabijin na ta surutu a saman bango, wata dattijuwa tana kai da komo tsakanin murhu da tebura, maigidanta kuma yana bakin ƙofa wurin karɓar kuɗi. Abin da ake sayarwa a nan shi ne baekban: shinkafa da miya da jerin ƙananan mahaɗi, irin abincin da Bakoriye ke ci a gidan uwarsa.

A irin wannan shago sau da yawa ba a tambayarka me za ka ci. Tambayar ita ce, "Ku nawa ne?" Abin da aka samo a kasuwa da asuba shi aka dafa, shi kuma kowa zai ci. Kafin ka gama zama an dire maka babban tire. Shinkafar tana cikin ɗan kwanon ƙarfe mai murfi, da zafinta har sai ka yi hattara da yatsunka wajen buɗewa. Fara ce sol, mai danƙo, ba mai ba gishiri. A damanta ake ajiye miya, wani lokaci a cikin baƙar tukunyar ƙasa da aka sauko da ita daga kan wuta tana ci gaba da tafarfasa a gabanka. Sai ƙananan faranta su kewaye su: alayyafo da aka ɗan turara aka murza da man riɗi da tafarnuwa, tsiron waken suya, 'yan mitsi-mitsin busassun kifi da aka soya da zaƙi-zaƙi, awara a cikin jan romo, wainar ƙwai da aka naɗe aka yayyanka, busasshen ganyen teku siriri da ake naɗe lomar shinkafa da shi. A tsakiya akwai gasasshen kifi, galibi irin wanda muke kira taitus. Kimchi kuwa, tsumammen kabeji mai barkono, ba a rasa shi ko da me za a rasa.

Waɗannan ƙananan faranta su ake kira banchan, kuma a kansu baƙo ya fi ruɗewa. Ba ka ce a kawo su ba, ba za a caje ka kuɗinsu daban ba, in kuma wani ya ƙare ƙari kyauta ne. Mai ci yakan ɗaga murya ya ce, "Imo, a ƙaro mana kimchi!" Imo sunan da ake kiran 'yar'uwar mahaifiya ne, da shi ake kiran mai shagon ko da yau aka fara ganin ta. Ita ma ba ta ɗauke ka baƙo ba. Tana iya yi maka faɗa don ka bar miya ta huce, ko ta ƙaro maka kifi ba ka roƙa ba saboda ta ga kamar ka rame.

Ladubban ci ba su da yawa. Cokali na shinkafa da miya ne, tsinkayen ƙarfe biyu kuma na ɗaukar mahaɗi, kuma a shaguna da yawa za ka same su a aljihun tebur ta gefe. Ba a ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki kamar yadda ake yi a Japan da Sin, a kan tebur yake zama. Yaro ba ya fara ci sai babba ya ɗauki cokali. Ba a kafa cokali a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi a bikin tunawa da magabatan da suka mutu. In an gama a tashi a biya a bakin ƙofa, ba a barin wani tukuici a kan tebur.

Ɗanɗanon wannan abinci ba daga murhu ya faro ba. Ya faro ne watanni kafin nan, a cikin randunan ƙasa. A farkon hunturu ake dafa waken suya har ya yi lugub, a kirɓa shi, a cura shi kamar tubali, a ɗaure da karan shinkafa a rataye ya bushe yana tsumuwa. Wannan curi shi ne meju. Bayan shigowar sabuwar shekarar gargajiya sai a zuba shi cikin randa da ruwan gishiri, a jefa gawayi da busasshen barkono, a bar shi wajen wata biyu. Daga nan a raba: baƙin ruwan ya zama ganjang, wanda ke maye gurbin gishiri a girki, dusar kuma a dama ta a mayar randa ta zama doenjang, ginshiƙin miyar yau da kullum. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kaɗa miyar kuka ba zai sha wahalar gane wannan ƙamshi ba, domin ɗan'uwan daddawa ne. Yadda kalwa ke tsumuwa ta ba miya nauyi, haka waken ke yi, kuma baƙon da ya toshe hanci a ranar farko shi ne mai neman ƙari bayan mako guda. Na ukunsu shi ne gochujang, jan kwaɓin barkono mai zaƙi da yaji. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a ta haɗa jang, wato waɗannan ukun, cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa.

Tun a 2013 aka sanya kimjang a wannan jeri, wato gayyar da 'yan'uwa da maƙwabta ke yi a ƙarshen kaka don haɗa kimchin da zai kai su ƙarshen sanyi. Ana jiƙa dogon kabejinsu a gishiri har ya yi laushi, a wanke, sannan a bi ganye ɗaya bayan ɗaya ana shafa masa kwaɓin garin barkono da tafarnuwa da citta da lawashi da tsimin kifi ko na ƙananan jatan lande. A da binne randunan ake yi a ƙasa, yanzu akwai firji na musamman domin kimchi kaɗai. Sabo yana da garɗi, wanda ya kwana biyu yana da tsami, wanda ya tsufa sosai shi ake dafa miya da shi. Barkonon da ya zama tambarin abincin Koriya kuwa baƙo ne daga nahiyar Amurka, bai iso ƙasar ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16. Kafin nan kimchi ba ja ba ne.

Wanda ya ga tebur cike da faranta zai ɗauka abincin masu wadata ne. In ya duba da kyau zai ga yawancinsa ganye ne da wake da ƙananan kifi, abin da talaka ke iya samu ya gishirta ya adana don hunturun da ƙasa ke daskarewa ba a noman komai. Kowane mahaɗi an yi shi da gishiri ko yaji mai ƙarfi ne domin ɗan kaɗan ya raka shinkafa mai yawa. Ita kanta farar shinkafar ba kowa ke samu ba. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ƙasar ta daɗe ba ta noma abin da zai ishe ta. Gwamnatin Shugaba Park Chung-hee ta matsa wa jama'a su riƙa gauraya shinkafa da sha'ir, su kuma koma cin taliya da burodi na alkamar da Amurka ke turowa. Malamai kan buɗe kwanon abincin ɗalibai a aji su ga ko an gauraya. Daga 1969 aka hana gidajen abinci sayar da shinkafa da rana a ranakun Laraba da Asabar, kuma ba a ɗage dokar ba sai a 1977, bayan sabon irin shinkafa mai yawan yabanya da ake kira Tongil ya cike giɓin.

Ɗan kwanon ƙarfen nan mai murfi ma ɗan wancan zamani ne. Kwanon da kakanninsu ke ci da shi babba ne, a cika shi har ya yi tozo. Hukumomin Seoul suka ga ana cin shinkafa da yawa, sai a 1976 suka ƙayyade wa masu abinci girman kwano: faɗin santimita 10.5, zurfin santimita 6, kuma kada a cika shi fal. Dokar ta tafi, kwanon ya zauna, domin masu shago sun gano amfaninsa: a zuba shinkafa tun da hantsi, a rufe, a jera cikin akwatin ɗumi, mai ci na zama a miƙa masa. Yau ba wanda ke hana Bakoriye cin shinkafa, shi ne da kansa ya rage. A 1970 mutum ɗaya kan ci kilo 136 a shekara, a 2023 abin ya dawo kilo 56.

Shagunan ba iri ɗaya ba ne. Akwai gisa sikdang, na direbobin tasi, inda ake da wurin ajiye mota, abinci ya zo da sauri, kuma ba a harari wanda ya zo shi kaɗai. A kasuwar Namdaemun ta Seoul akwai lungu guda na masu dafa dogon kifin galchi da barkono, kuma a nan za ka ga mata ɗauke da tire uku ko huɗu a ka, ɗaya bisa ɗaya, suna ratsa cunkoso don kai wa 'yan kasuwa abinci a rumfunansu. Amma in ana batun yawan mahaɗi, yankin Jeolla da ke kudu maso yamma aka sallama wa. Can ne ɗan shagon ƙauye zai jera maka faranta har a rasa wurin ajiye kofi.

Musulmin da karatu ko kasuwanci ya kai shi can yana buƙatar buɗe ido. Naman alade shi ne naman yau da kullum a irin waɗannan shaguna. Jeyuk bokkeum, jan soyayyen naman da ya fi kowane farin jini a wurin ma'aikata, alade ne. Miyar kimchi galibi da shi ake yin ta, ko da yake akwai ta kifin gwangwani. Naman sa da kaza ba yankan Musulmi ba ne, wasu kuma kan ɗiga giyar girki a cikin dafaffen kifi don kashe ƙarni. Tambayar "akwai nama?" ba ta isa ba, domin mai shagon tana iya ce maka babu da zuciya ɗaya, alhali ba ta lissafa romon ƙashi ko 'yan yankan tsiran alade da ke cikin wainar ƙwai a matsayin nama ba. Sai ka ambaci dwaeji-gogi, wato naman alade, da sunansa, ka kuma tambayi da me aka yi romon. Sauƙin abin shi ne miyar doenjang da yawancin miyan ganye da romon busasshen kifi da ganyen teku ake yin su, gasasshen kifi kuma ko'ina akwai shi, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ya fito daga teku halal ne. Mai son kwanciyar hankali gaba ɗaya sai ya nufi unguwar Itaewon, kewayen babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, inda ake samun abincin Koriya na halal.

Duk wannan shagali kuɗinsa bai cika wuce won 8,000 zuwa 10,000 na kuɗin Koriya ba, kusan daidai da mafi ƙarancin ladan aikin awa ɗaya, wanda ya kama won 10,030 a 2025. A ganina a nan ne labarin yake. Mahaɗi bakwai aiki bakwai ne: a tsince, a wanke, a yanka, a turara, a matse, a kwaɓa, kowanne da nasa hannu, kuma gobe a sake wasu daban don kada masu zuwa kullum su gaji. Dattijuwar nan tun duhun asuba take tsaye. Ba ta da ma'auni, ido ba mudu ba amma ya san kima. Lissafin yana fita ne kawai saboda ita da maigidanta ba sa biyan kansu albashi, ɗiyarsu ko surukarsu kuma kan zo ta kama musu a lokacin cunkoso. Ranar da aka ce sai an ɗauki ma'aikata biyu, ribar ta tafi. Da yawa daga masu irin waɗannan shaguna ma ba sha'awa ce ta kawo su ba, rashin aiki ne, musamman bayan durƙushewar tattalin arzikin 1997 da ta raba ɗimbin magidanta da ofisoshinsu.

Ƙarin kyautar ma yana da nasa nauyi. Abin da aka bari a faranti ba ya komawa tukunya, domin tun 2009 shagon da aka kama yana sake ba wani ragowar mahaɗi ana rufe shi na kwana 15 a karon farko. Zubarwar kuma ba kyauta ba ce, a Koriya ana biyan kuɗin sharar abinci gwargwadon yawanta. Saboda haka wanda ya nemi ƙari ya bari ya cuci matar sau biyu. Ga haya, ga tsadar cefane. A 2024 zafin bazara ya lalata kabeji farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, shaguna da yawa kuma dama sun daɗe da komawa kimchin masana'anta da ake shigowa da shi daga Sin. Doka ta tilasta a rubuta asalin kabeji da shinkafa da nama a manna a bango, shi ya sa masu ci na gaske kan ɗaga kai su karanta kafin su zauna. Doenjang ɗin ma na kamfani ya fi yawa yanzu. Shagon da har yau ake aiko masa da na randa daga ƙauye ba ya ɓoyewa, da alfahari ake faɗa maka.

Matashin da ke son buɗe gidan abinci ya fi ganin sauƙin soya kaji ko sayar da kofi, abu ɗaya da za a koya wa kowane yaro cikin mako. 'Ya'yan masu baekban kuwa an yi wahalar kai su jami'a ne don kada su gaji tsayuwar murhu. Abin mamakin shi ne buƙatar ba ta ragu ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Koriya ta Kudu yanzu mutum ɗaya ne a ciki, kuma mai zaman kaɗaici ba zai tsaya haɗa mahaɗi bakwai don kansa ba. A 2019 mai zanen labarai Heo Young-man ya fara gabatar da shirin talabijin da yake zagaya ƙasar yana cin baekban a irin waɗannan lunguna, kuma shagon da aka nuna yakan wayi gari da layi a ƙofarsa. Layin ba ya ƙara wa mai girkin hannu. Abin da ta iya haɗawa da safe shi ne abin da ke akwai, in ya ƙare da ƙarfe biyu sai ta rataya sanarwa a ƙofa, sauran mutanen layin su nemi wani wuri.