Amfanin ƙafa ta uku a jikin filogi

Duk mai laftof mai jikin ƙarfe ya san ɗan tsikarin nan da ake ji a tafin hannu idan tana caji. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau. 'Yar wutar da ke yoyo daga caja ce ta rasa hanyar zuwa ƙasa, sai ta bi ta jikin mutum.

A Najeriya wutar gida tana zuwa da ƙarfin bolt 230, kuma filogi mai ƙafa uku wayoyi uku ne a cikinsa. Mai ruwan ƙasa ke kawo wuta, shuɗiya ta mayar da ita. Ta ukun, mai kore da rawaya, ita ce wayar ƙasa, wadda ke haɗe da doguwar ƙafar da ke sama. Daga soket take tafiya har zuwa wani sandan ƙarfe mai rufin tagulla da aka kafa cikin ƙasa.

Idan waya mai wuta ta goge ta taɓa jikin na'ura, wutar za ta bi wayar ƙasa da ƙarfi, fis ya ƙone ko bireka ta faɗi kafin a taɓa. Soket mai kare kaya daga hauhawar wuta shi ma yana tura wani ɓangare na rarar ta wannan hanya. In babu ita, kariyarsa ragaggiya ce.

Cajar waya daban take. Yawancinsu suna da rufi biyu, alamarsa murabba'i cikin murabba'i, don haka ba sa buƙatar wayar ƙasa. Amma kwamfutar tebur, inbata, firij da cajar laftof mai ƙafa uku duk suna buƙatarta.

Matsalar ita ce, a gidaje da shagunan caji da dama soket na da rami uku amma babu waya a bayan na ukun. Wasu kuma karya ƙafar suke yi don filogi ya shiga. Sannan busasshiyar ƙasa mai yashi, musamman da rani, ba ta karɓar wuta kamar mai danshi, shi ya sa zurfin sandan ke da muhimmanci.

Kafin a jona kaya masu tsada, a kira ƙwararren mai aikin wuta ya auna da mita ya tabbatar wayar ta kai ƙasa. Kuma kada a yarda ya haɗa ta da shuɗiyar waya a bayan soket: ranar da shuɗiyar ta tsinke, jikin na'urar ne zai ɗauki wuta.