Bel da Rola: Masu Dakon da Ba Sa Gajiya a Masana'antun Jos

Kafin injuna su yawaita a filayen kuza na Bukur da Barikin Ladi, kan ɗan Adam ne ke ɗaukar kaya. Maza su sari ƙasa da diga, mata su jeru da kwanon sarki suna kai ta wurin wanki. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Ingila ta rasa kuzar Malaya, an tilasta wa dubban mutanen lardunan Arewa zuwa Filato, abin da ake kira diban gwamna. A 1943 kuzar da aka haƙo ta kai kusan tan 17,000. Sanyi da yunwa da cuta sun hana da yawa daga cikin leburorin nan komawa gida. Wanda ya san wannan tarihi ba zai raina bel ɗin jigilar kaya ba, domin wahalar da ya ɗauke wa mutane ba kaɗan ba ce.

A Amurka, Thomas Robins ya fara ƙera irin wannan bel a 1892 don kwasar ƙasar ma'adini a kamfanin Thomas Edison. Yau mafi tsawo a duniya yana Afirka, a Yammacin Sahara, inda yake kai ma'adinin takin zamani daga Bou Craa zuwa bakin teku, tafiyar kusan kilomita 100.

Aikin bel bai da wuyar fahimta. Injin lantarki yana juya wata babbar ganga ta ƙarfe, gangar tana jan bel, ƙananan rololi kuma suna tallafe da shi daga ƙasa. Ba haƙori ba sarƙa. Kamun da fatar gangar ta yi wa bel shi kaɗai ke jan tan-tan na kaya. Duk matar da ta taɓa kai markaɗe ta ji bel ɗin injin niƙa yana kuka, injin na gudu amma niƙa ya tsaya, ta ga abin da santsi ke yi. Shi ya sa ba a barin gangar tsirara. Ana manna mata roba mai tsage-tsage don ruwa da laka su samu hanyar fita, inda kuwa jiƙa da nauyi suka yi yawa sai a dasa ƙananan faranta na tangaran masu ƙurji a cikin robar.

Wannan ba ƙaramin batu ba ne a Jos. Damina a nan tana da tsawo da ƙarfi, kuma jar ƙasar Filato idan ta jiƙe takan manne wa rola, ta yi masa tudu, bel ya karkace gefe guda yana cin bakinsa. Da hunturu kuma ƙura ke shiga boris ta gauraya da giris.

Kowane kaya da irin fatar da ta dace da shi. Tsakuwar kwari da ƙasar ma'adini suna son baƙar roba mai kauri, a ɗora ta kan rololi uku-uku, biyu na gefe a karkace, yawanci digiri 35, don bel ya lotsa kada kaya su zube. Idan hawan ya wuce kamar digiri 18, bel mai sulɓi ba ya riƙe kaya, sai mai tudun layuka. A masana'antun abinci irin su Nasco, da Ahmed Idris Nasreddin ya kafa a 1963, ko Grand Cereals da ke Zawan, buƙatar daban ce. Ƙullin biskit yana son bel mai laushi da ke wankuwa, wanda mai ba ya ci, cikin tanda kuwa sai na ƙarfe. Kamfanin mulmula ƙarfe na Jos, da aka gina farkon shekarun 1980 da nufin fitar da tan 210,000 na rodi a shekara, lokacin da yake aiki ba ruwansa da roba a layin zafi: sandar da ta fito daga wuta sama da digiri 1,000 kan zallan rololin ƙarfe take gudu.

Abin da ya fi damun masana aikin shi ne rolar da ta daina juyawa. Bel zai yi ta gogar ta har ta yi zafi, bakinta ya zama wuƙa. A mahaƙar kwal ta Creswell da ke Ingila, a 1950, bel da ya lalace ya kama da wuta saboda guga, mutum 80 suka mutu. Bayan nan ne aka koma amfani da bel da ba ya saurin cin wuta a ƙarƙashin ƙasa.

Akwai kuma wurin da bel ke shiga ganga. Nan ne yake fizgar hannun riga, hannu ya bi. Kuskure ne babba a bar lebura ya goge laka bel na tafiya, ko a cire ragar kariya don a yi sauri. Ƙananan wuraren tace ma'adini da fasa dutse da ke kewayen Jos su suka fi buƙatar wannan gargaɗi, domin a irin su ne ake ganin bel na hannu da aka ɗinke da waya. Igiyar tsayar da inji a gefen layi, ragar ƙarfe a kan ganga, da ma'aikaci guda da zai bi rololi kowace safiya yana saurarensu, duka kuɗinsu bai kai na sabon bel ɗaya ba.