Yadda A Ke Shirya Gasar Wasannin Makarantu

Da yawa daga cikinmu, ran da muka bar wannan makaranta aka tura mu koyarwa, za a ɗora mana aikin malamin wasanni, ko muna so ko ba mu so. Saboda haka ya kamata mu san yadda al'amarin ya ke tun daga tushe, watau wa ke da iko da wasannin makarantu, kuma ta wace hanya yaron da ya fi kowa gudu a Cheberu, cikin ƙasar Gwandu, zai kai har ya kara da yaran Ikko da na Fatakwal.

Mu fara da asalin abin. A zamanin Turawa babbar ranar wasannin 'yan makaranta ita ce 24 ga watan Mayu, ranar bikin daular Ingila. Ran nan a kan tara yara a yi tsere da tsalle da jan igiya a gaban Sarki da Razdan. A Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, wasa yana cikin aikin ko wane ɗalibi. Can ne Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya gwanance da ƙwallon bango da a ke bugawa da tafin hannu, wanda Turawa ke kira Fives. Wani malami Bature, Mista Hogben, shi ya kawo wasan nan ƙasar Hausa a shekarun 1920, kuma Birnin Kebbi tana cikin garuruwan da ya kafu. A shekarun 1930 a kan yi gasa tsakanin makarantu a kan kofi ko garkuwa: Kofin Grier na makarantun Yamma, da Garkuwar Hussey wadda Arewa da Kudu ke karawa a kanta. Grier da Hussey duka manyan jami'an ilmi ne. Daga nan za mu gane tun fil azal wasan makaranta a hannun hukumar ilmi ya ke, ba a hannun 'yan kulob ba.

Har yanzu haka abin ya ke. A 1976 aka kafa Tarayyar Wasannin Makarantu ta Nijeriya, ita ce uwar gasar makarantu ta ƙasa duka. Ƙarƙashinta akwai jihohi, inda Ma'aikatar Ilmi ke riƙe da ragama. Ƙarƙashin jiha kuwa sai shugaban makaranta da malamin wasanninsa. Dokokin wasa kansa, kamar faɗin fili da yawan 'yan wasa da abin da ke laifi, ba malamai ke yin su ba, na ƙungiyar ko wane wasa ne, ita ke horar da alƙalan wasa.

To, gasar kanta kamar tsani ta ke. Matakin farko shi ne gasar gida-gida a cikin makaranta, inda a kan raba yara gidaje, ko wane gida da launin rigarsa. Daga nan malami ya zaɓi waɗanda za su tsaya wa makaranta. Na biyu, makarantun da ke kusa da juna su kara, kamar a ce na Gwandu da na Kalgo da na Jega. Na uku shi ne na jiha. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, babban filin wasanta kuwa shi ne na Haliru Abdu a Birnin Kebbi. A wasu wasanni, kamar gasar ƙwallon kwando ta Milo, zakaran jiha sai ya sake karawa da zakarun jihohin shiyyarsa kafin ya isa matakin ƙarshe na ƙasa.

Wani zai ce, don me a kan fitar da makaranta daga gasa don an cinye ta sau ɗaya tak? Lissafi ne ya kawo haka. A ce makarantu 16 suka shiga. In ko wace za ta kara da ko wace, sai an buga wasa 120. In kuwa sili-ɗaya-ƙwale a ka yi, wasa 15 ya isa a san gwani. Wanda ya san kuɗin mota da na abincin yara daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi ba zai tambayi abin da ya sa masu shiri suka fi son na biyun ba. Wani lokaci a kan haɗa biyun, a raba makarantu rukuni-rukuni da ƙuri'a, sa'an nan waɗanda suka fito su shiga sili-ɗaya-ƙwale. Ƙuri'ar nan lalle a jefa ta a gaban wakilan makarantu duka, domin kada a ce an yi son kai.

Amma duk tsarin nan a kan sharaɗi biyu ya ke tsaye. Na ɗaya, wanda zai yi wasa ya zama ɗalibin makarantar ne na gaskiya, sunansa na cikin rajista. Na biyu, shekarunsa kada su wuce iyakar da aka yanka. Don haka a kan tantance yara kafin a busa usur, a duba hoto da rajista da takardar haihuwa. Makarantar da ta ga an cuce ta tana da ikon kai ƙara a rubuce gaban kwamitin gasa, in ta tabbata a ƙwace nasarar.

Nan ne fa cutar ta ke. Malami ya ga yaransa ƙanana ne, sai ya je gari ya ɗauko ƙato mai gemu, ya sa aka aske shi, aka ba shi rigar makaranta. Ko ya ci kofi, me ya ci? Ya hana yaron da ya yi wata uku yana motsa jiki da asuba wurinsa, kuma ya koya wa makaranta duka cewa ƙarya tana biya. Kada mu ɗauka ƙaramin abu ne. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasar matasa saboda saɓanin shekarun haihuwar waɗansu 'yan wasa, har aka karɓe mata baƙuncin gasar duniya ta 1991. A 2009, sa'ad da aka yi gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a nan Nijeriya, sai da aka kai ga ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun yara da na'ura don a kimanta shekarunsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗabi'ar da ta ja wa ƙasa wannan kunya kuwa a ƙananan filaye a kan fara koyonta.

Abin mamaki, iyayenmu ba su bukaci na'ura ba. A dandalin kokawa bayan kaka, ba a haɗa yaro sai da sa'ansa, domin gari duka ya san shekarar da aka haifi kowa. Ƙaton da ya ka da ƙaramin yaro ba kirari ya ke samu ba, dariya a ke yi masa.

Saboda haka, 'yan'uwa, aikinmu a bayyane ya ke. Mu riƙe rajista da gaskiya tun ran da yaro ya shigo. Mu yi gasar gida-gida ko wace shekara, ko da fili na burji ne, ƙwallo kuwa ɗaya. Mu ba 'yan mata nasu lokaci cikin sutura da mutunci. In an cinye mu, mu gai da waɗanda suka ci, mu koma gida mu sake shiri. Mutanen Abuja ba su san yaron Cheberu ba, ba kuwa za su san shi ba sai malaminsa ya rubuta sunansa da shekarunsa daidai. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.