Kwalliyar motar farko: Inda kuɗin matasa ke tafiya da inda ya kamata su fara zuwa

Da wuya matashi ya yi mako guda da motarsa ta farko bai kai ta wurin masu kayan kwalliya ba. Da zarar iyaye sun sa albarka, abokai sun yi Allah Ya sa alheri, sai a shiga lissafin rigar kujera da ta sitiyari, da sifiku, da fitilu masu farin haske, sai kuma rim masu ƙyalli idan aljihu ya ba da hali.

A kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, irin wannan ciniki ba ya yankewa. Sai dai yawancin masu zuwa sun riga sun ƙarar da ajiyarsu wajen sayen motar, wasu da kuɗin adashi, wasu da bashin albashi. Ɗan abin da ya rage shi ne za a raba tsakanin abin da ido ke gani da abin da ke ƙarƙashin mota, kuma sau da yawa wannan rabon ne ke nuna ko motar za ta shekara tana aiki ko za ta koma zaman gareji.

Ƙaramar mota mai tsohon jiki

Peugeot 206 na cikin ƙananan motocin da matasan Arewa suka fi farawa da su. Ba ta da shan mai sosai, kayanta ba sa wuyar samu, kuma makanikai sun saba da Fijo tun lokacin da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975.

An fara fitar da 206 a Faransa a 1998, don haka akasarin waɗanda ke yawo a titunan Najeriya sun haura shekara 15. Mai injin lita 1.4, wadda ta fi yawa, yawanci ƙarfinta bai wuce na doki 75 ba. Duk nauyi ko kayan lantarkin da aka ƙara mata, daga wannan ɗan ƙarfin za a ɗiba.

Akwai wurare biyu da masu gyaranta suka san tana da rauni. Na farko bel ɗin taimin. Na roba ne, yana ɓoye a cikin murfi, kuma idan ya tsinke ana cikin tafiya, fistin kan bugi bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Wanda ya sayi mota ta hannu ba shi da hanyar sanin yaushe aka canza shi, shi ya sa makanikai ke ba da shawarar a canza kawai.

Na biyu ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. Idan ruwa da ƙura suka shiga boris ɗinsa, sai ya fara cin kansa. Alamar ita ce a tsaya a bayan motar a ga saman tayoyin ya karkata ciki. Motar da ke da wannan ciwon, idan aka ɗora mata katon akwatin sifika a but, aka cika ta da mutum biyar, an gaggauta mata lalacewa.

Rim mai kyau, taya mai shekaru

Babu abin da ke sauya kamannin ƙaramar mota kamar manyan rim, kuma a nan ne kuɗi suka fi nutsewa. Yawancin 206 suna zuwa da taya mai lamba 175/65 R14, wadda tsayin gefenta ya kai kusan santimita 11. Idan aka koma rim mai inci 17 da taya 205/40, gefen zai dawo kusan santimita 8.

Wannan robar da aka rage ita ce ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe. A titin da damina ta farfasa, sakamakon shi ne taya ta yi ƙulu, rim ya lotse, ƙafafun mota su riƙa ƙara. Faffaɗar taya kuma tana ƙara shan mai. Wanda ya nace sai ya canza, rim mai inci 15 da taya 185/55 ya fi dacewa, domin faɗin da'irarsa kusan ɗaya ne da na asali, agogon gudu ba zai yi ƙarya ba.

Babban haɗarin shi ne, bayan an biya kuɗin rim, abin da ya rage ba ya isar sabuwar taya, sai a koma ta hannu. Kowace taya tana ɗauke da ranar da aka yi ta a gefenta, a lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. Idan an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Taya na iya zama da zane raɗau amma robarta ta bushe, kuma zafin kwalta a watan Afrilu ba ya yi wa irinta uzuri. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa (FRSC) ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi saboda fashewarsu a kan hanya.

Waya ɗaya na iya cinye mota

Allon Android da kyamarar baya da na'urar ƙara sauti sun yi arha idan aka kwatanta da da. Matsalar tana wajen haɗawa. Na'urar da ke jan wat 500 tana buƙatar sama da amfiya 40 daga batir mai bolt 12, alhali altanaton da ke cajin batirin irin wannan mota ba a yi shi don ɗaukar wannan ƙari a kan fitilu da fanka da AC ba.

Idan mai riwaya ya ja siririyar waya daga batir zuwa but ba tare da ya sa fiyus kusa da batirin ba, duk ranar da wayar ta goge ta taɓa jikin mota, babu abin da zai katse wutar. Haka gobarar mota ke tashi.

A 206 akwai ƙarin dalilin yin hattara. Waɗanda aka ƙera daga wajen 2001 suna da akwatin lantarki da ake kira BSI, wanda ke sarrafa fitilu da waifa da makullan ƙofa da tsarin tayar da mota. Yanke waya a jona barkatai kan rikita shi, a wayi gari waifa na tashi da kanta ko mota ta ƙi tashi. Sayen soket ɗin da ya dace da rediyon ya fi yanke wayar asali sauƙi a ƙarshe.

Fitila ma haka. Ƙwan LED da aka cusa a gidan fitilar da aka yi don ƙwan halojin yakan watsa haske ya kashe idon mai tahowa, ba tare da direban ya ƙara ganin nesa ba. Goge gilashin fitilar da ya dushe da saita ta yadda ya kamata sun fi amfani, kuma ba su kai kuɗin ƙwan ba.

Gyaran da ke ƙara shan mai

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Duk da haka, wasu gyare-gyaren da aka saba yi a gareji suna ƙara wa mota ƙishirwa.

Ɗaya shi ne cire tamostat tare da jona fanka kai tsaye, da sunan maganin zafi. An tsara injin ya yi aiki a kusan digiri 90. Idan bai kai ba, kwamfutar motar na ɗauka har yanzu da sanyi, sai ta ci gaba da ƙara mai. Inda zafin ke fitowa, wato toshewar lagireto ko lalacewar famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba.

Na biyu shi ne fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake kira indomi. Ana cire ta ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wani lokaci tun kafin motar ta iso hannun mai ita. Salansa mai ƙara kuwa ba ta ƙara wa injin lita 1.4 wani gudu, illa ta tashi maƙwabta da asuba.

Masu tunanin komawa iskar gas ta CNG su ma sai sun yi lissafi, domin tukunyar tana da nauyi kuma tana cinye rabin but. Gas ɗin yana zama ne da matsin ba 200, abin da tukunyar da aka yi wa walda a bakin titi ba za ta ɗauka ba. A Oktoban 2024 irin wannan tukunya ta fashe a wani gidan sayar da gas a Benin, mutane suka jikkata.

Inda doka ta shigo

Dokar da ta hana sa gilashi mai duhu ba tare da izini ba tana nan tun 1991. A 2025 rundunar 'yan sanda ta sake buɗe neman izinin ta intanet, lamarin da ya kai ga shari'a a kotu. Kalar mota ma a rubuce take a takardunta, don haka wanda ya sauya fenti bai gyara takarda ba ya sayi tsayuwa a kowane shinge. Inshorar dole ta motar gida kuwa ta koma Naira 15,000 tun Janairun 2023.

Yadda za a raba abin da ke hannu

Tsarin da ya fi fitar da mai ƙaramin ƙarfi shi ne a fara da birki da taya, a bi da bel ɗin taimin da famfon ruwa, sannan baƙin mai da fulogi da ƙafafu, sai takardu. Abin da ya saura shi ne na ado, kuma a nan ma akwai mai arha da ba ya cutarwa: wankin ciki, rigar kujera, tabarmar ƙafa, goge fenti, da fesa wa rim ɗin asali sabon launi.

Duk abin da aka cire na asali kuma a adana shi a gida. Motar farko ba ta zama ta ƙarshe, kuma ranar sayarwa dillali ba ya ƙara ko sisi saboda sifika. Abin da zai fara yi shi ne ya buɗe bonet ya duba wayoyi, sannan ya zagaya baya ya tsuguna ya ga ko tayoyin a miƙe suke.