Yadda maleriya ke raunana dakarun jini

A kowace damina, zazzaɓin cizon sauro kan kwantar da yara da dama a yankunan Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, a arewacin jihar Zamfara. Sai dai wasu yaran, bayan sun warke, sukan sake kamuwa da wata cutar mai tsanani a cikin jini.

Binciken da masana suka gudanar a kan ɓeraye ya bayyana wani ɓangare na dalilin hakan.

Dakarun sahun gaba

Niyutirofil wani nau'i ne na fararen ƙwayoyin jini da ake ƙerawa a cikin ɓargo. Su ne ke fara isa duk inda ƙwayar cuta ta shiga jiki, su haɗiye ta, sannan su hallaka ta da wani sinadari mai ƙuna.

A shekarar 2011, masana a Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta birnin Landan suka sanya wa ɓeraye maleriya, daga bisani kuma suka sanya musu ƙwayar Salmonela.

Sun gano cewa idan maleriya ta farfasa jajayen ƙwayoyin jini, wani sinadari mai guba yakan kwarara cikin jini. A ƙoƙarin da jiki ke yi na kawar da gubar, sai ɓargo ya riƙa sakin niyutirofil da ba su gama nuna ba.

Irin waɗannan sukan haɗiye Salmonela, amma su kasa kashe ta. Maimakon haka sai su zame mata mafaka, ta hayayyafa a cikinsu.

Daga ɓera zuwa mutum

Jinin ɓera ya bambanta da na ɗan Adam. Fiye da rabin fararen ƙwayoyin jinin babban mutum niyutirofil ne, a ɓera kuwa galibi ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Shi ya sa masanan suka gwada jinin yara masu maleriya a ƙasar Gambiya. Sakamakon da suka wallafa a 2012 ya nuna irin wannan rauni, wanda kan ɗauki har makonni 8 bayan an sha magani.

Abin da hakan ke nufi a Zamfara

Tamowa na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin shigar Salmonela cikin jini. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, inda ta samu kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa.

Saboda haka yaron da zazzaɓi ya dawo masa jim kaɗan bayan maganin maleriya yana bukatar a sake duba shi a asibiti, domin maganin maleriya ba ya kashe Salmonela.

Haka kuma gidan sauro, da maganin rigakafin da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata a lokacin damina, suna kare yaro daga maleriya da kuma cututtukan da kan biyo bayanta.