Injin Jajjage Ya Iso Garo, Saura Sanin Aikinsa

Idan aka je jeren ɗakin amarya a Garo ko Kabo ko Gwarzo a 'yan shekarun nan, ba abin mamaki ba ne a ga, bayan tukwane da kuloli da farantai, an ɗora wani babban kwali a saman kabad. A jikinsa an zana inji mai faffaɗan kwano da wuƙaƙe iri-iri. Iyaye sun sayo shi daga kasuwar Sabon Gari ta Kano da kuɗi masu ciwo, don kada 'yarsu ta sha wahalar da suka sha. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa a kwalin nan yake ƙarewa. Wata ta gwada ya ƙi tashi, ta mayar. Wata ta zuba masa gero, ya yi ƙauri ya mutu. Kuma kullum da safe yaro na nan da bokiti a layin injin markaɗe.

Tushen matsalar shi ne ba don girkinmu aka ƙera shi ba. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Verdun, wanda sana'arsa ke kai shi kicin ɗin gidajen abinci, ya lura da yawan lokacin da masu girki ke ɓatawa wajen yanka da gogewa da gaurayawa. A farkon shekarun 1960 ya fito da injin Robot-Coupe domin manyan kicin, a 1971 kuma aka fitar da na gida mai suna Magimix. Daga nan Carl Sontheimer ya gyara shi ya gabatar wa Amurkawa a 1973 da sunan Cuisinart. Duk waɗannan mutane aikin wuƙa da magogi suke son sauƙaƙawa: yanka albasa, goge karas, niƙa nama, kwaɓa fulawa. Babu wanda ya yi tunanin surfe ko ribɗi ko ƙullun ƙosai. Uwargidan da ta gane haka ta riga ta yi rabin karatu.

Mutane da yawa kuma suna ɗaukar sa blanda ce babba, alhali aikinsu daban. Blanda doguwa ce mai matsattsen gindi, wuƙarta ƙarama tana juyawa da gudun gaske, kuma sai da ruwa take aiki. Ita ce ta kunun aya da markaɗen tumatir mai laushi. Wannan kuwa kwanonsa faffaɗa ne, wuƙarsa biyu ce a lanƙwashe tana share kwanon duka, ba ya neman ruwa. Idan aka cika masa ruwa ma ta tsakiya zai yi yoyo.

A nan ne amfaninsa yake a wurinmu, wato jajjage. Duk mai girki ta san bambancin miyar da aka yi da markaɗe da wadda aka yi da jajjage. Jajjagen turmi yana barin attarugu da tattasai da albasa da ɗan jikinsu, a zuba cikin mai su soyu nan take, ƙamshi ya tashi. Markaɗen inji kuwa an riga an cika shi da ruwa, sai an ƙona itace ko gawayi kafin ya tsotse, wani lokacin har a nemi kanwa a kashe tsami. Wannan injin yana iya yin jajjage irin na turmi, amma sai an bi shi a hankali. A raba albasa gida huɗu, a cire hancin attarugu da 'ya'yan tattasai, kada a wuce rabin kwano. Sannan akwai wani maɓalli da ba ya zama a kunne, da an ɗaga yatsa injin ya tsaya. Shi ne maɓallin jajjage. A danna a saki, a danna a saki, kamar yadda taɓarya ke sauka tana ɗagawa, a riƙa leƙawa ta murfi. Idan aka kunna shi aka juya baya, cikin ƙiftawar ido albasa za ta narke ta koma ruwa, abin da ake gudu ya faru. Tumatir kuma a ƙarshe ake sa shi, don ya fi kowa saurin fashewa. Da an ga girman da ido ya saba gani a gindin turmi, sai a tsaya. Ma'aunin yana wurin matar da ta iya daka, shi ya sa nake ganin inna ko goggo ce ya kamata ta tsaya kusa da amarya ranar gwajin farko, ko da ita ba ta taɓa danna maɓalli ba.

Ɗanyar kuɓewa, kabeji da karas na kwaɗo, dafaffen nama na dambu, kwaɓin cincin, duk yana yin su cikin minti kaɗan. Soyayyar gyaɗa ma yana mayar da ita tunkuza, in dai ana hutar da shi tsakani kada ya yi zafi. Ɗanyen nama kuwa sai an cire jijiya an yanka ƙanana.

Batun ƙin tashi yawanci ba lalacewa ba ce. An yi masa makulli ne da gangan: sai kwano ya zauna daidai, murfi ya murɗa ya yi ƙas, sannan wuta za ta shiga. Kada a bari mai gyara ya tsallake wannan makulli don a huta, domin gida ne mai yara, wuƙar kuma ta fi ta fawa kaifi. A riƙe ta ta robar tsakiya, a zare wuta kafin a sa hannu, a tura kaya da matushin da ya zo da shi. A kuma riƙa duba jikinta lokacin wanki. A watan Disamba na 2016 kamfanin Cuisinart ya janye wuƙaƙen injuna wajen miliyan 8 a Amurka, saboda suna tsagewa gutsattsarinsu su shiga abinci. Masu sayen na hannu su lura da wannan, su kuma duba takardar da ke gindin injin: wutarmu 230 ce, na Amurka 120 yake ɗauka, ana jona shi zai ƙone.

Akwai abin da ba nasa ba ne ko kaɗan. Gero da dawa da masara, busasshiyar citta, kanumfari, busasshiyar kuɓewa, waɗannan suna dakushe wuƙa, su kankare kwano, su gajiyar da inji. Waken ƙosai da alale zai farfasa shi, amma ba zai kai laushin da ake so ba, kuma bugun da ke sa ƙosai ya tashi yana nan yana jira. Dakan fura da na yaji na turmi ne har gobe.

Sai babban batu, wuta. Garo tana ƙarƙashin kamfanin raba wuta na KEDCO kamar sauran garuruwan jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma kowa ya san yadda rabon ƙauye yake. A watan Oktoba na 2024 Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Injunan jajjage kan ci wat 500 zuwa 1,000, suna kuma fizgar fiye da haka lokacin tashi, don haka ƙaramin janareto ko solar da aka haɗa don fitila da cajin waya ba lallai su ɗauka ba. Wutar da ta zo rabi-rabi, ƙwan fitila yana ja, ita ce ke kashe inji. In an ji yana gurnani bai juya ba, a kashe nan take. Gidan da wuta ba ta zama, ni shawarata su fara da ƙaramin injin jajjage mai igiya da ake ja da hannu. Ba ya cin wuta, kuɗinsa kaɗan ne, kuma jajjagen tukunya ɗaya ba ya gagarar sa.

Ba na fatan injin markaɗen unguwa ya tashi. Mata da yawa da shi suke riƙe 'ya'yansu, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, su ma a matse suke, dole suka ƙara kuɗin markaɗe. Amma ba kowane ɗan kayan miya ne ya cancanci a aiki yarinya da shi ba, ta makara zuwa makaranta, ta dawo da tumatir ɗin da ya gauraya da ragowar waken wani gida. Binciken da aka yi a Gana da Nijeriya ya kuma nuna faifan ƙarfen injunan markaɗe yana cinyewa a hankali, burbushinsa ya bi abinci. A lokacin rani, idan masu lambu a bakin madatsar Guzu-Guzu da sauran fadamun Kabo suka fara ɗiba, tattasai da albasa suka yi araha, uwargida za ta iya jajjaga na kwana biyu a awa ɗayan da aka kawo wuta, ta soya shi da mai ta rufe. Waken ƙosai da gasarar koko su tafi inji kamar kullum.